Kunyar 'Yar Fari da Igiyar Jan Mota

A shekarun 1990 ina 'yar aji biyu a sakandare a Jalingo, muna zaune a unguwar Sarkin Dawaki. Yarinya ce ni marar surutu, marar ƙawaye, amma idona ba ya barin komai ya wuce. Ni ce 'yar fari, kuma gidanmu gida ne mai riƙon kunya irin ta Fulani. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. In yana son ruwa sai ya ce a gaya wa waccan ta kawo. Ni ma ban taɓa ɗaga ido na fara yi masa magana ba, sai gaisuwa, kaina a sunkuye.

Direba ne, yana da tsohuwar a-kori-kura fara da yake ɗauko doya da masara daga ƙauyuka. In ya ajiye ta a ƙofar gida ya tafi masallaci ko hira, sai in shige gaban motar in zauna ni kaɗai. A aljihun motar na tsinci littafin da ta zo da shi, bangonsa duk baƙin mai. Da shi nake gwada Turancina, har na kusa haddace shi. A nan na karanta cewa kowace mota tana da iyakar nauyin da za ta ja, cewa ba a ɗaura igiya a bamba, wato ƙarfen gaba ko bayan mota, sai a ƙugiyar da ke ƙarƙashi, kuma motar da injinta ya mutu birkinta ba ya kamawa sosai.

Wata ranar hutu bayan kaka, Baba ya je ƙauyen Kona ɗauko ni daga wurin kakata. A hanyar dawowa muka tarar da wani abokinsa direba, motarsa ta ɗaukar kaya, kanta, ta mutu a bakin hanya, cike da buhunan masara. Tun daga nesa mutumin yake dariya, yana cewa Allah ya kawo masa jaki, amma wannan jakin ya tsufa, da ƙyar in zai ja ko akuya. Baba ya ce masa wannan tsohuwar ta ja ubannin kantarsa, ya kawo igiya ya sha kallo. Wani dattijo da ke wucewa ya ce a fara sauke buhunan mana, abokin ya ce wa zai tsaya gadin su, gari ai ga shi nan kusa.

Ina tsaye ina kallo. Na ga sun ɗaura igiyar a bamba. Na ga wurin da ta ɗan tsinke aka ƙulle. Na ƙirga tayoyin kantar, na ga yadda suka lotsa saboda nauyi, na san ta fi motarmu nesa ba kusa ba, kuma na san akwai gangara a gaba kafin a kai rafi. Maganar ta zo har bakina. Na buɗe baki, sai na tuna ga abokinsa, ga mutane, yaya 'yar fari za ta gyara wa uba sana'arsa? Na rufe bakin. Kafin su tashi Baba ya kalli gefe ya ce waccan ta jira a gindin mangwaro wurin mai gyaɗa, zai dawo ya ɗauke ta.

Daga gindin mangwaron na ga komai. A tudu motar ta yi ta gurnani tana hayaƙi, amma ta ja. Da suka fara gangarawa igiyar ta yi sako-sako, kantar ta taho da ƙarfinta ta bugi bayan motarmu, ta yi ta tura ta har motarmu ta kauce daga hanya ta kife a rami. Masarar kantar ta watse. Abokin ya fito lafiya. Baba kuwa ƙafarsa ta dama ta karye gida biyu, bai sake taka birki ba har ya bar duniya.

Watanni yana kwance a zaure, ni ke kai masa abinci in ajiye in fita. Kowa yana cewa ƙaddara ce, ni kuma ina cewa haka ne, amma ba wanda na gaya wa abin da na sani, ko mahaifiyata. Ƙarfen motar ya daɗe a ƙofar gida, kaji suna ƙwai a inda nake zama in yi karatu. Na daina bin ta wannan gefen.

Sai bayan na yi aure na haifi 'yata ta fari, na zo wanka gida, na iya durƙusawa na gaya wa Baba duka, ina kallon sandarsa. Da na gama sai ya ce ya san ina shiga motar, da gangan yake barin ƙofar a buɗe. Ya ce ran nan ya ga bakina ya motsa, ya so ya tambaye ni me littafin ya ce, domin shi bai iya karatun boko ba, amma kunya ta hana shi a gaban abokinsa. Abin da ya iya kawai shi ne ya sauke ni.

Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba, amma in rai ko lafiya na cikin haɗari, a yi magana ko da murya na rawa. Direbobi, ku san ƙarfin motarku kafin ku ɗaura mata abin da ya fi ta, kada zolayar aboki ta ja ku. Iyaye kuma ku tambayi yaran da ke tsaye shiru a gefe. 'Yata ta fari yanzu ta girma, kullum da sunanta nake kiranta, kuma in na ga bakinta ya motsa, sai na ji abin da ke ciki.