Kwabbaina a Kan Rufin Ishaya

Kuɗin da zan ba ku labarinsu sun girmi naira. Na tara su ne bayan an gama yaƙi, maigidana yana soja, ni ina toya ƙosai a bakin bariki. Aka yi canjin hannu, motoci suka koma dama, shekara ta zagayo aka canja kuɗi. Lokacin ina jegon ɗana na biyu a Kaduna, tukunyar kwabbaina kuwa tana Kanya, ƙarƙashin gadon innarmu. Ba wanda ya kai su banki. Nan suka mutu.

Bana jikata Rahila, wadda ke rubuta wannan ina faɗa, ta zo hutu da gwangwanin alewa. Ciki kuɗin ƙarfe ne, irin da ƙasashe ke bugawa don tunawa da wani biki. Tarawa ta fara, da araha take sayensu, ɗaya ɗaya. Ta ce, "Kaka, mai huji ne na rasa."

Gaban matan zumuntar cocinmu da suka zo gaishe ni na ce, "Mai huji? Tukunya guda gare ni." Suka yi dariya. Ni kuwa ban taɓa faɗin magana a Zuru ta faɗi ƙasa ba.

Zuru zuwa Ribah

Da asuba na isa tasha, ko kunu ban sha ba. Direba ya so ya cusa ni baya da buhunan taki. Na ce, "Yaro, na shiga jirgin ƙasa ubanka bai yi kaciya ba." Ya ce, "Mama, yi haƙuri, ga gaba." A shingen sojoji wani ya leƙo ya tambayi inda za ni. Na ce ɗauko kuɗina za ni. Ya ce, "Mama, ki tuna da mu a dawowa." Da hantsi muka shiga Ribah. Na sayi fura wajen wata Bafilatana, ta ƙara mini nono don na gaishe ta da harshensu.

Kanya

Daga nan ɗan acaba ya ɗauke ni. An yi ruwan shuka, hanya duk taɓo, na riƙe rigarsa ina addu'a har ƙofar gidanmu. Ƙanena Ishaya, wanda ya gaji gidan, ya fito da fartanya a kafaɗa.

"Yaya, lafiya? Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Tukunyata na zo ɗauka."

Matarsa Saratu ta kawo ta, cike da daddawa. Na ce, "Ina abin ciki?" Ishaya ya nuna sama da baki. Na ɗaga kai. Kan kwanon ɗakinsa, ƙarƙashin kowace ƙusa, ga kwabo ya yi kore, layi layi har tsororuwa. Ashe shekarar da zai yi aure, kafinta ya ce sai an sa wa ƙusa matashi, in ba haka ba ruwa zai bi ta huji. Innarmu ta ce ga mataccen kuɗi nan, da hujinsa a shirye.

Na ce, "Ishaya, ƙosan shekara biyu ka bi da guduma?"

Ya ce, "Tun ina ango suke tare mana ruwa, Yaya. Wane banki zai yi miki wannan aiki?"

Saratu ta ce, murya ƙasa ƙasa, irin dawarsu da gadonsu duk suna ɗakin, ga damina ta kama. Ta yi tuwon dawa da miyar kuka, muna ci ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muka ruga cikin ɗakin. Na zauna ina duban sama, ko ɗigo babu. A nan na kwana.

Da safe na ɗaura kallabi na ce, "Ku bar su. In koma a yi mini dariya, ba ta kisa." Ishaya ya ɗauko wuƙa. Ya yanka tsohon silifas ɗinsa gutsu gutsu, ya jingina tsani a bakin rufi, inda ko ya yi yoyo a ƙasa zai zuba. Tsoho da ciwon gwiwa. Na riƙe masa tsanin ina zaginsa, yana ciro ƙusa, ya zare kwabo, ya sa roba, ya mayar. Ya sauko da cikin tafi guda: kwabbai, da ɗari wato rabin kwabo, har da ƙaraminsu anini mai tauraro.

Komawa Zuru

Na ƙulle su a bakin zane, na biyo motar la'asar. A gida na ɗebo toka da lemun tsami zan goge, Rahila ta riƙe mini hannu. Wai koren nan da tabon ƙusa su ne darajarsu. Ta jera su gefen na biki, ta daɗe tana juyawa.

Ran Lahadi matan suka tare ni a bakin coci. "Ina tukunyar?" Na ce, "Ga waɗanda suka yi ritaya. Sauran suna Kanya, ba su tashi daga aiki ba. Mai shakka ta biya kuɗin mota."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Saratu da tuwonta. Cikin waɗanda suka taɓa cefane da kuɗin nan a gidanmu, innarmu ta tafi, maigidana ya tafi, kafintan ma na ji ya tafi. Saura ni da Ishaya, sai Ladi ta Manga da muka yi tuya tare, wadda yanzu sai an ɗaga murya take ji.