Kwalabe Bakwai Daga Babura

Mun tashi da asuba ranar Talata daga Kano, ni da maigidana da direban wurin aikinsu, a cikin wata a-kori-kura da aka ba shi don wannan tafiya. A baya an ɗaure akwatin ƙananan kwalabe, da buhuna, da wani ƙaton filas. Da yawa daga cikinku kun tambaye ni abin da ya sa ma'aikaciyar jinya kamar ni ta ƙarar da hutunta a yawon ƙauyuka. To ga yadda aka yi.

Malam, wato maigidan nawa, Dakta ake ce masa amma bai taɓa duba mara lafiya ba. Tun kafin a ɗaura mana aure abu ɗaya yake bi, wani kitse da hanta ke yi yana yawo a jini, wanda su a ɗakin gwaje-gwaje suke kira kolestarol. Jiki na buƙatarsa, amma in ya yi yawa sai ya riƙa liƙewa a jijiyoyi har ya toshe wa zuciya hanya. A kan wannan kitse ya yi karatu a Turai, a kansa ya dawo gida, kuma burinsa ya samo maganin da zai sa hanta ta rage yinsa. Ya ce in raka shi don ni zan iya shiga cikin gida wurin mata, shi kuwa iyakarsa zaure.

Hanyar Dambatta ta cika da manyan motocin siminti da na kwanon rufi. Tunda kuɗin mai ya shigo kowa gini yake yi. Direbanmu mutum ne mai haƙuri, amma duk motar da ta wuce mu sai ya yi mata addu'ar shiriya da ƙarfi. Hantsi bai yi ba muka hango duwatsun Kazaure, gero ya nuna a gindinsu ana ta yanka. A nan muka sauka gidan wani abokin Malam, malamin makaranta, muka yi shirin kwana a nan kullum, mu riƙa fita muna dawowa.

Ranar muka wuce Roni. Hanyar ƙasa ce mai hawa da sauka, ruwan damina ya cinye gefenta, har sau biyu na sauka na taka da ƙafa. An kwatanta mana wani tsoho mai maganin gargajiya, muka same shi a gindin tsamiya yana shanya sassaƙe. Malam ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi kamar ɗalibi. Tsohon ya ba shi ɓawon marke, da ganyen sabara, da wata saiwa da ya ce ana ba masu jin nauyi a ƙirji. Kowanne Malam ya rubuta sunansa da inda aka samo shi da yadda ake jiƙa shi.

Da tsohon ya tambayi wa za a ba, Malam ya ce ɓeraye zai fara ba. Ya bayyana masa cewa yana da ɓeraye a keji, yana ciyar da su gwaiduwar ƙwai har jininsu ya yi kitse, sannan ya gwada musu magani.

Tsohon ya dube ni. "'Yata, gaskiya yake faɗi?"

Na ce, "Gaskiya ne, Baba."

"Kuma hukuma na biyansa?"

Na ce tana biya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi shekara sittin yana faɗa da ɓera a rumbu, ashe wasu ƙwai suke dafa masa. Amma da za mu tafi ya kama hannun Malam ya ce, "In ka ga bai yi ba, ka dawo ka gaya mini. Ni ma ina so in sani." Malam ya riƙa maimaita wannan magana har muka iso Kazaure.

Laraba muka nufi Gwiwa, muka ratse zuwa wata ruga. Farin shekarun baya ya rage musu shanu ƙwarai, amma matan ba su bar mu mun zauna hannu wofi ba. An dama mana fura da kindirmo, an saka man shanu sabon kaɗi a kai. Na zauna da su na yi ta tambaya kamar yadda Malam ya rubuta mini: me suke ci da safe, sau nawa suke cin nama, wa ya taɓa faɗuwa haka kawai ya rasu. Wata tsohuwa ta ce ita tun da ta yi wayo nono da mai ne abincinta, ga ta nan kuma tana tafiya kasuwa a ƙasa da ƙwarya a ka. Da na kai wa Malam labari ya dafe kai ya ce wannan baiwar Allah ta rusa masa rabin littattafansa. A kasuwar Gwiwa na sayi ƙwan zabi. Har yanzu da sule suke yi maka ciniki, in ka ce kwabo goma sai a tsaya ana lissafi.

Alhamis ce ranar da Malam yake tsoro. Babura garinsu ne, kuma can ne ainihin dalilin tafiyar. Mahaifinsa falken shanu ne, ya faɗi a kara yana tsakiyar ciniki, bai kai hamsin ba, Malam yana aji huɗu. Ƙannen mahaifin biyu ma haka suka tafi. Mutanen gari sun ce jifa ne. Malam kuwa ya tuna dukkansu suna da wasu tabo masu ruwan ɗorawa a fatar ido, kuma a Turai ya gano alamar wannan kitse ce idan gado ne a gida. Yayarsa, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, tana da tabon. Sau uku yana aika mata ta yarda a ɗebi jininta da na 'ya'yanta, sau uku tana ƙi.

Muka karɓi ƙanƙara wurin wani mai kanti da ke da firjin kananzir, muka cika filas, muka bi ta Yankwashi. Mun shiga Babura ana hada-hada, ga raƙuma daga Nijar, ga masu canjin sefa a bakin tasha. Yaya ta tarbe mu da guɗa. Ta yanka kaji biyu, ta yi tuwon gero da miyar kuka, mai yana yawo a sama. Har yau Auta take kiransa, duk da furfurar da ta fara fito masa.

Bayan an ci, ya kawo maganar. Fuskarta ta canza.

"Auta, na gaya maka. Jinina ba na kwalba ba ne. Baba kwanansa ne ya ƙare."

"Haka ne, Yaya. Amma Allah da ya yi cutar ya bar mana neman sani."

"To ka samo maganin?"

Na ga ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ban samo ba tukuna."

"To me za ka yi da shi? Ka gaya mini ranar mutuwata?"

Sai Malam ya tuɓe safarsa, ya miƙe ƙafa a kan tabarma, ya kama hannunta ya ɗora a kan agararsa. Akwai wani kumburi mai tauri a wurin, na daɗe da saninsa. Ya ce mata ya auna jininsa da kansa tun yana Turai, irin na Baba ne. Ya ce shi ya sa ba ya cin ƙwai, ba iyayi ba ne kamar yadda take yi masa tsiya. Ya ce cikin 'ya'yanta wasu sun gada, wasu ba su gada ba, kuma wanda ya gada in aka sani da wuri akwai abin da za a rage masa a abinci, a riƙa duba shi, kafin Allah ya kawo maganin, ko ta hannunsa ko ta hannun wani.

Yaya ba ta ɗauke hannunta ba. Ta daɗe tana shafa wurin, kamar yadda ake yi wa yaron da ya yi targaɗe. Ta ce, "Shekara nawa kana ɗauke da wannan ba ka gaya mini ba?" Hawaye ya zubo mata. Sannan ta juyo gare ni, ta naɗe hannun riga. "Amarya, zo ki ɗiba. A hankali dai, ni tsoron allura nake."

Na ɗaure mata hannu, na ɗebi jinin a hankali kamar yadda ta ce. Bayan nata, ita da kanta ta aika aka kira 'ya'yanta shida, manya da matasa, har da wanda ke kara wurin shanu. Ta tsaya a kansu, duk wanda ya yi gardama ta ce ita ma an yi mata, ba ta mutu ba. Kwalabe bakwai muka jera a cikin ƙanƙara.

Ba mu tsaya ba, don jinin ba ya jira. Da za mu shiga mota ta miƙo ƙullin man shanu kamar yadda ta saba, sai ta tuna, ta janye, ta koma ciki ta fito da busasshen zogale da kuɓewa. Ta ce da ni, "Ki kula mini da shi. Kada ki bari ɓerayen nan su fi shi cin abinci."

Mun iso Kano kafin magariba. Malam bai ko biya gida ba, ɗakin gwaje-gwaje muka fara sauke shi da filas ɗinsa da buhunan sassaƙe. Sakamakon ya fito jiya: Yaya da biyu daga cikin 'ya'yanta ne suka gada, huɗu sun kuɓuta. Sassaƙen Roni kuwa sai ɓeraye sun yi watanni suna sha kafin a san abin da ke ciki, wataƙila ma ba komai.

Shekara tara ina auren mutumin nan, ina ganin aikinsa na kwalba ne da takarda, wani lokaci har ina jin haushin yadda yake manta da mu a kansa. Sai a tafiyar nan na gane tun yana aji huɗu yake wannan aikin, kuma mutanen da yake yi dominsu suna da fuska, na ci tuwo da su. Asabar mai zuwa zai koma Babura ya gaya wa Yaya sakamakon da bakinsa. Ya ce ba sai na wahala ba. Na riga na nemi izini a asibiti.