Cazar da Na Bari a Jone

'Yan shekaru bayan sojoji sun koma bariki, wayar hannu ta cika Wudil. Kowace waya da irin bakin cazarta, don haka in waya ta mutu sai cazar ta zama marainiya. Ni ke bin gidajen Sabon Gari ina roƙonsu. Na gama sakandare, ba abin yi, sai in yanke bakin caza, in fere wayoyin nan biyu, ja da baƙa, in haɗa su da ɗan injin da na ciro daga tsohuwar rediyo mai kaset. In na liƙa masa fukafukan roba, ga fanka.

Kafin in haɗa, da harshe nake gwadawa, yadda muke yi wa batir tun muna yara. In na ji ɗan tsami, cazar tana da rai. Maƙwabciyarmu, wata Kirista mai aiki a ɗakin gwaje-gwajen jami'a, ta taɓa kama ni ina yi. Ta ce caza ba batir ba ce, wadda cikinta ya lalace wutar bango take turowa gaba ɗaya. Ta ba ni ɗan ƙwan tocila in riƙa gwadawa da shi. Na yi godiya, na jefa shi a gwangwani. Harshe ya fi sauri.

Ban lura akwai mai kallona ba. 'Yar yayata, mai shekara biyu da rabi, kullum tana gindina.

Wata Juma'a da hantsi kawuna ya shigo kasuwa daga Utai, ya kawo mini wata caza da ruwa ya taɓa jiƙawa. Na yanke, na fere, na jona a soket ɗin ƙasa, sai na ga ashe an ɗauke wuta. Inna ta kira ni in sauke tukunya. Haka na fita na bar ta a jone.

Da na dawo, yarinyar na zaune a tabarma, wayoyin biyu a bakinta, tana yamutsa fuska irin tawa.

"Anti, wannan babu tsami," ta ce.

Na fizge wayar da ƙarfin da ya sa ta fashe da kuka. Ina rungume da ita fankar sama ta fara juyawa. Cazar ta yi ƙara, soket ɗin ya yi baƙi, warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin.

Yaya ta shigo tana tambayar me na yi wa 'yarta. Na faɗa mata komai, har da zancen harshen. Ba ta zage ni ba, gara ma a ce ta zage ni. Ta buɗe bakin yarinyar ta duba, ta goya ta, ta fita.

Yanzu da ƙwan nake gwaji, kayan kuma suna saman sif cikin akwati. Amma abin da na koya wa yarinyar bai fita ba. Shekaranjiya ma igiyar rediyo na cire mata a baki. In yaran unguwa suka ɗau ihu an kawo wuta, sai in bi ɗaki-ɗaki ina nemanta.