Ina Jin Yunwarki

A shekarun da muka yi a Riyadh babu gidan silima ko ɗaya a garin, don haka silimarmu ita ce falon gidanmu da ke Malaz, hawa na biyu. Maigidana ma'aikaci ne a ofishin jakadanci, in ya fita da safe sai la'asar sakaliya. Ni kuwa ina gida, ni da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, wadda take gurnani tun hantsi. In na sauke labule, wani siririn haske yakan ratso ta gefe ya kwanta a kan kafet, in zauna ina kallonsa yana rarrafe. Da ya kai ƙafar kujera na san motar makaranta ta kusa sauke 'yata.

Kowace Alhamis Maigida yakan je Batha ya dawo da kaset uku na bidiyo daga shagon wani Ba'indiye. Shi ba ma'abocin kallo ba ne, ana farawa yake gyangyaɗi, saboda haka da hoton kwali yake zaɓe. Abin da ya kawo shi zan kalla, ko da daɗi ko babu.

Na fi son tsofaffin nan marasa kala. Mutanen ciki ba sa gaggawa. Namiji zai cire hula kafin ya yi magana, mace za ta tsaya bakin taga ta daɗe tana kallon ruwan sama, kuma ba wanda zai ce ta yi sauri. A garin da sai a yi watanni ba a ga hadari ba, wannan ruwan na cikin akwati ya ishe ni. Wani lokaci in na kashe bidiyo nakan ɗaga labule da zaton zan ga titi a jiƙe. Finafinan harbe-harbe kuwa ban taɓa shiri da su ba. Jarumi zai kwana uku yana gudu, bai ci ba, bai yi wanka ba, ya shiga gidan mutane ta taga ba sallama, ya ƙone motoci goma don ya ceci mutum ɗaya. Motocin nake tausayi. Na 'yan Sin masu tashi sama sun fi mini, don su ko ba komai suna ganin girman malaminsu, duk dambe a kan an taɓa shi ake yi. Na Indiya kuma sai ranar da na gama girki da wuri.

Duk kaset ɗin da ya shigo gidanmu ya riga ya bi ta hannun mai almakashi. Ban taɓa ganinsa ba, amma na san aikinsa. Saurayi da budurwa za su matso kusa, hoto ya yi tsalle, sai ga gari ya waye tana soya ƙwai. Har na saba da shi. Nakan ƙiyasta shi wani dattijo ne mai kunya, yana zaune a ɗaki mai duhu da kofin shayi, yana kau da kai kafin ya datse. Wuraren da ya yanke ni nake cike su da kaina, kuma sau da yawa nawa ya fi na masu fim kyau.

To, ga abin da ke damuna a lokacin. 'Yar nan tawa 'yar fari ce, ba na kiran sunanta, ba na kuma janta a jiki a gaban mutane. Haka na taso na gani, don ni ma 'yar fari ce wurin Inna, mahaifiyata, kuma ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Yarinyar tana da shekara uku muka zo, yanzu ta kai goma, makarantar Larabawa take zuwa. Hausa tana ji sarai, amma in na yi mata magana da Larabci take amsawa. Ban ɗauki abin da zafi ba sai da kaset ɗin Inna ya zo.

Gidan Inna a Katsina babu waya. Abin da muke yi shi ne mu ɗauki muryoyinmu a kaset na rediyo, mu ba duk mai tafiya gida, ita ma ta sa a ɗauki tata a aiko. Idanunta sun riga sun yi rauni, hoto ba ya yi mata amfani, kunne kaɗai ya rage mata. A wannan kaset ɗin ta gaida Maigida, ta gaida maƙwabtanmu da ba ta sani ba, ni ta tsallake ni kamar kullum, sannan ta ce: "Na ji muryar kowa. Amma 'yar Larabawan nan da ta yi magana a ƙarshe, ta wane gida ce? Ku ce da ƙawata har yanzu ina jiran tata gaisuwar." Ƙawata take ce wa jikarta. Da wasa ta faɗa, har da dariya, amma na san muryar uwata. Ranar ban iya cin abinci ba. In yarinyar nan ba ta yi Hausa ba, babu wata hanya tsakaninta da tsohuwar da ba ta gani.

Na fara da ƙarfi, don ni mai saurin fushi ce. Na kafa doka ba Larabci a kan abinci. Sai ta daina magana a kan abinci gaba ɗaya, ta ci ta tashi. Dokar ba ta yi sati ba.

Dabarar a gaban bidiyo ta zo mini. Kowane fim akwai fassarar Larabci da ke gudu a ƙasan hoto. Ni ina iya haɗa baƙi, amma kafin in haɗa uku layin ya wuce. Wata rana da ta dawo makaranta na kira ta.

"Ke, zo ki faɗa mini abin da mutumin nan yake cewa."

"Umma, ai kin iya Inglizi."

"Nasu ta hanci yake fita, ba na ji."

Ƙarya nake, ina ji. Ta zauna a ƙasa da kayan makaranta, ta fara. "Ya ce khalas, yani, zai kashe shi bukra."

"Bukra ko gobe?"

"Gobe."

"Allah ya kai mu."

Haka muka shiga. Tsakanin azahar da la'asar, garin duk ya yi tsit saboda zafi, mu biyu a ɗaki mai sanyi, tana tsinto kalmomi ɗaya bayan ɗaya. A finafinan harbi ta koyi gudu da ɓuya da rantsuwa. A na 'yan Sin ta koyi ramuwa da ladabi. Ban taɓa yaba mata ba, sai dai in tura mata farantin dabino kusa.

Ni na ɓata abin da hannuna. Wani tsohon fim ne marar kala, na wani ma'aikacin jirgin ruwa da ya yi shekaru bai dawo ba. Ya iso ya tarar da matarsa tana shanya a bayan gida, iska tana kaɗa zannuwan. Ya tsaya, ya faɗi magana gajeriya. Yarinyar ta karanta Larabcin, ta buɗe baki, ta rufe. Na ga tana lalube, har ta dafa cikinta.

"Ya ce... yana jin yunwarta."

Kewa take nufi. Maimakon in ba ta kalmar a hankali, sai na fashe da dariya har da hawaye. "Cinye ta zai yi?" Da Maigida ya dawo na ba shi labari, ya yi tasa dariyar. Washegari kuma na faɗa wa wata maƙwabciya a waya, yarinyar tana ji. Daga ranar ta daina zama. In ta dawo ta wuce ɗaki ta rufe ƙofa. Na yi sati biyu ina kallo ni kaɗai, ina jin Turancin tsaf, ba abin da ke shiga kaina. Na san na yi laifi, amma ban san yadda uwa take ba 'yar fari haƙuri ba. Ba a koya mini ba.

Sai ga wata Alhamis Maigida ya kawo wani kaset mai hoton jirgin sama yana ci da wuta. Da na saka ranar Asabar, babu jirgi babu wuta, an yi kuskuren kwali. Fim ne na wata ƙasa mai sanyi, wani tsoho ya goyo ƙyauren ƙofa a bayansa yana tafiya cikin ƙanƙara. Shi ke nan. Ya yi tafiya, ya huta, ya ci burodi, ya tashi. Ba kiɗa, ba magana, mai almakashi ma bai sami abin yankewa ba. Kallon farko na yi ta tsaki ina yi wa Ba'indiyen nan Allah-ya-isa. Amma da na kwanta hutun rana tsohon ya biyo ni cikin mafarki, yana ratsa Malaz da ƙyaurensa, ƙanƙara tana zuba a kan motoci. Washegari na sake sakawa. A cikin duk abin da na kalla a ƙasar nan, wannan baƙon fim da ban san sunansa ba shi ne ya zauna mini.

Ina cikin kallo na biyu na ji motsi a bayana. Yarinyar tana tsaye bakin ƙofa da jaka a kafaɗa. Ta tambaya da Larabci ina tsohon za shi.

"Ban sani ba," na ce. "Wannan ba fassara. Ni da ke duk ɗaya."

Can ta ajiye jakar, ta ce da Hausa, a hankali: "Ƙofar gidansu ce. Gidan ya faɗi, ita ta rage."

"Ina matarsa?"

"Ta mutu. La, ba ta mutu ba. Tana wani balad mai nisa."

Ban gyara mata ba. Ta ci gaba da ƙirƙiro masa 'ya'ya da akuya da maƙwabci mugu, ina cewa "to", ina cewa "ikon Allah". A ƙarshe tsohon ya kai wani fili fetal, ya kafa ƙyauren a tsaye cikin ƙanƙara, ya buɗe, ya shiga, ya rufe. Hoto ya ɗauke. Ta juyo ta dube ni ido cikin ido, tana jiran in yi dariya.

"Yana jin yunwar gidansu."

"Haka ne," na ce.

Kuma ba lallashi nake ba. Shekara bakwai ina cewa ina kewar gida, amma abin da nake ji in hasken nan ya kai ƙafar kujera a ciki yake, daidai inda ta dafa.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na ajiye mata rediyo da sabon kaset, na ce ta ba kakarta labarin tsoho mai ƙyaure. Ta cika gefe guda cur. Hausar tana tuntuɓe, "yani" tana faɗowa nan da can, amma Hausa ce. Da ta zo rufewa ta matso bakin rediyon ta ce, "Kaka, ina jin yunwarki." Bayan ta fita na mayar da zaren baya, na ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa, don na san gidanmu, za a taru a saurara, za a mai da ita abin tsokana. Na daɗe a haka, sannan na ɗauke yatsana. Matar wani abokin aikin Maigida ce ta tafi da kaset ɗin Katsina.

Wata biyu amsa ta zo. Muka zauna ni da ita a falo da rana, labule a sauke. Inna ta ɗauki tsohon nan tamkar ɗan unguwarsu. Ta yi faɗa a kan mutanen garin da suka bar dattijo da kaya ba wanda ya kama masa. Ta tambaya ko ƙyauren na katako ne ko na kwano, ta ce a bincika mata ko matar ta dawo. Ana jin kaji a bayanta da wata tana daka.

"Ƙawata, na ji saƙonki. Na tsufa ina jin Hausa, ban taɓa jin wanda ya faɗe shi daidai ba sai ke. Ni ma ina jin yunwarki." Ta yi gyaran murya. "Waccan kuma da ke zaune kusa da ke, tana yi kamar ba ta ji, ki ce mata ita ma haka."

Rediyon ya yi ƙas ya tsaya. Na kafa ido a kan kafet, don in na ɗaga kai hawayen za su zubo a gaban 'yar fari. Mukayyif yana ta gurnaninsa. Na ji ta matso har kafaɗarta ta taɓa gwiwata, inda take zama in muna kallo.

"Umma, in fassara miki?"

Na ji kowace kalma, amma na ce, "Fassara."

"Ta ce tana jin yunwarki."