Kaset ɗin sunana da waɗanda ba su yi kala ba

Jama'a, ku taimaka min!

Kaset ɗin bidiyon bikin sunana nake son kwashewa zuwa kwamfuta. Na'urar da na fara saye, hoto ya fito baƙi da fari. Na mayar wa mai shago a Bagudo. Ya ce, "Wa ya ɗauki wanga kaset?" Na ce mai kyamara daga ƙasar Benin. Ya ce, "Ai tsarin kalarsu daban ne, ɗauki wagga na'ura."

Bayan azahar na haɗa, Inna tana gefena. Kala ta fito tas! Amma ban da mutum huɗu, su suna nan baƙi da fari cikin taro.

Inna ta matso tana nunawa da yatsa. "Babanka. Liman. Gwaggo Hassi." Duk sun rasu!

Sai yatsanta ya kai kan na ƙarshe. Na huɗun Kawu Sani ne, ƙanenta na Zagga, wanda ya kira ta da safe ya ce zai shiga jirgin ruwa ya ƙetare kogin Kwara.

Ta ce, "Kira min shi."

Sau tara na kira, wayar ba ta shiga. Don Allah, wa ke kusa da bakin ruwa?