Gashin Zabuwa a Bakin Ƙugiya

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar da na buɗe gwangwanin autana ba. Farkon shari'a ne, lokacin da ko laya mutum ya ɗaura sai ya tura ta cikin riga. Autan yana gadi a madatsar ruwa ta wajen Mai'Adua, an kuma sa ranar aurensa da 'yar wani malami a unguwarmu cikin Daura.

Na daɗe ina ganin zabbina a fige, jan zakarana ba wutsiya. Na zargi muzuru, na zargi yaran maƙwabta. Rannan da hantsi ina share masa ɗaki, tsintsiya ta ture gwangwani. Me zan gani? Gashin zabuwa an naɗe da jan zare a jikin ƙugiyoyi, wani har da idanu na duwatsun wuya. Ni da na ga jiya na ga yau, na san gashi da jan zare ba sa haɗuwa don alheri. Abin da na rasa ganewa: shi aka yi wa, ko shi ke yi wa wani?

Maƙwabciyata kaɗai na nuna wa. Ta ja da baya tana salati. Kafin la'asar Malam ya aiko a kira mu.

Ya ce, "Iya, ba zan ba matsafi 'yata ba. Ya yi bayani, ko in kira hisba."

Auta ya riƙe kai. "Inna, koto ne fa! Na kifi!"

Na ce, "Kifin gidanku ne ke cin gashi?"

Wai wani injiniya baƙo ne ya koya masa a wurin aiki. Malam ya ce sai ya gani da idonsa. Washegari muka shiga mota, har da ni, don ba a yanke wa ɗana hukunci ina gida.

A bakin ruwa ban ga tana ba, ban ga dusa ba. Ya ɗaura gashin nan a zaren wata doguwar sanda, ya shiga kaɗa sandar a saman kansa kamar mai korar tsuntsaye a gonar gero, sannan ya sauke shi a hankali kan ruwa. Ya ja kaɗan, ya tsaya, ya sake ja. Wai kifi zai zaci fara ce ta faɗo tana neman tsira. Shiru. Rana ta take. Malam ya fara gyara hula yana duban hanya.

Na ce, "Auta, in akwai abin da ake karantawa, karanta mana!"

Malam ya juyo ya dube ni. Auta ya ce, "Inna, don Allah ki yi shiru." Wai zafi ya kora kifayen ƙasa. Ya sauya da mai idanun nan, mai nutsewa. Can sai sanda ta lanƙwashe, ga karfasa mai faɗin faifai tana birgima a yashi.

Malam da kansa ya buɗe bakinta ya zaro gashin. Ya shinshina, ya warware zaren har ƙarshe yana neman rubutu. Ƙarfe ne zalla. Sai ya ce, "Ranar aure tana nan. Amma yaro, gashin farin zakara zai yi? Ina da ɗaya."

Har yau ban gane yadda halittar Allah za ta bar abinci ta haɗiye gashi ba. Abin da dai na ɗauka shi ne, in ka tsinci abu, mai shi za ka fara tambaya, ba maƙwabciya ba. Kifi ya ga gashi ya ce fara ce, ni na gani na ce sammu ne. Amma a lura, cikinmu biyu ba ni aka soya ba.