Humrar da ta So Hana Ni Shiga Senote

Gari bai waye ba muka kulle gida a McLeansville, ni da maigida da 'yarmu ta fari, sallar asuba ma a filin jirgin Greensboro muka yi ta. Meziko muka nufa, yankin Yukatan. 'Yar tawa ce ta zaɓi wurin, don kwanan nan za ta tafi jami'a a wata jiha, kuma abu ɗaya ta roƙe ni: in shiga ruwa tare da ita ko sau ɗaya ne. Tun tana ƙarama, duk inda aka je bakin ruwa ni ce mai gadin jaka da takalma. Na ce mata na yarda, kuma alkawari kaya ne, don haka na kwashe watannin sanyi ina zuwa koyon iyo a ranakun mata zalla, ina shan ruwan da ban yi niyya ba.

Ana gobe tafiya na je Summerfield wajen wata Anti 'yar Kumasi, ta yarfa mini kitso ta dulmiye shi da mai, ta zana mini lalle hannu da ƙafa. Na turara kayana, na jefa kwalbar humra a jaka. Ai ba a shiga ƙasar mutane wujiga-wujiga.

Muna sauka Kankun zafi ya tarbe mu kamar an buɗe tukunyar dambu. Muka ɗauki motar haya, titi miƙe ɗoɗar, daji kore shar hagu da dama, ba tudu ba gangare. Sai an shiga ƙauye tudun rage gudu zai tuna maka cewa kana da ƙugu. A Baladolid muka sauka, gari mai gidaje launi-launi, matansa cikin fararen riguna masu adon furanni, tsaf da su. Abinci a nan ya fi na bakin teku araha nesa ba kusa ba. Abin da ya kashe ni da daɗi, mutanen nan zoɓo suke sha, da ruwan tsamiya, ga attaruhunsu da ya sa maigida hawaye yana rantsuwar mura ce. Sai dai ko wake za ka ci sai ka tambaya, don man alade ba ya musu wuyar zubawa. 'Yata ta riƙa tambayar mana da Sifaniyancinta na makaranta, mu kuwa muka riƙe gasasshen kifi da wainar masara.

Washegari su biyu suka hau igiyar ƙarfen nan da ake ratayo mutum ya sulalo ta saman bishiyoyi. Maigida da ya kwana yana cika baki, tun daga wancan ƙarshen nake jiyo salatinsa.

Ranar tawa ta zo. Senote wani rami ne na ikon Allah, rufin kogon dutse ne ya rufta a tsakiyar daji, ruwa garai-garai ya bayyana a ƙasa. Wanda muka je na wani ƙaramin ƙauye ne, mutanen garin ne ke kula da shi. Dokarsu ita ce kowa ya yi wanka kafin ya sauka, ba mai, ba turare. Na sa doguwar rigar iyona mai haɗe da hula, na ɗan watsa ruwa na fito.

Wata 'yar tsohuwa ce ke tsaron matakala. Ta kama hannuna ta ƙura wa lallen ido, ta ɗauka fenti ne. Ta jiƙa farin ƙyalle ta goga, ta sake gogawa, ƙyalle ya fito fari tas. Ta yi dariya ta ce ya yi kyau. Har na ɗaga ƙafa sai ta matso ta shinshina ni, ta girgiza kai. Humra! Ga man kitso yana tsattsafowa ta gefen hula. Ta yi bayani a hankali, 'yata na fassarawa: ruwan nan duk a haɗe yake ta ƙarƙashin ƙasa, shi ne a rijiyoyinsu, shi jikokinta suke sha. Ba faɗa, ba tsawa, amma ba ta matsa daga hanya ba.

Gaskiya farko na ji haushi, humrar da aka aiko mini tun daga Maiduguri ce ake wa kallon ƙazanta. Daga baya kuma na ji wani daɗi a ɓoye, don na leƙa ramin nan, tsoro ya kama ni. Ga mafita ta zo har gida, ba wanda zai ce na saɓa alkawari.

'Yata ta dube ni, ta miƙo mini wayarta. "It's okay, Mama. Riƙe min wannan, ki ɗauke ni hoto."

Ko ɓata rai ba ta yi ba, kuma wannan ne ya soke ni. Ashe dama ba ta sa rai ba.

Na koma banɗaki da wani sabulu nasu da tsohuwar ta ba ni, na dirje jikina, na wanke kitson da ko sati bai yi ba, har kaina ya yi zafi. Na dawo ta shinshina, ta mai da ni. Na sake. Da ta gyaɗa kai, da hannunta ta ɗaura mini rigar hana nutsewa.

Ruwan sanyi ƙalau. Na sa tabaran ruwa, na ciji bututun numfashi, na kifa fuska. Jama'a, Allah mai iko! Hasken rana ya ratso ta bakin ramin ya miƙe har can ƙasa, jijiyoyin bishiyoyi sun sauko daga sama suna shan ruwa, ƙananan kifaye suna zagaya yatsuna. Komai shuɗi, komai shiru, ba na jin komai sai numfashina. Can sai dutsen da ke ƙasana ya ƙare, duhu kawai, ba iyaka. Na fara fafutuka, ruwa ya shiga bututun. Sai na ji an damƙi hannuna. 'Yata ce. Ta ɗago ni ta ce, "Ki yi numfashi a hankali, Mama, ina nan." Haka ta ja ni muka zagaye ramin kaf, ba ta sake ni ba sai a matakala.

Mun dawo Greensboro lafiya, kitso ya tashi aiki, Anti ta yi ta mita. Na koyi ganin girman mutanen da suke tsare ruwansu ba sa jin kunyar baƙo. Babban abin da na dawo da shi kuwa game da yarinyar nan ne. Duk shekarun nan ni nake ganin ina tsare ta, sai ga shi a inda ƙafata ba ta taɓa ƙasa ita ce ta riƙe ni. Ranar da za mu kai ta makaranta zan sha kuka, na san halina. Amma hankalina a kwance zan juyo gida.